An Canja wa Auta Kwamfuta

Shafi na 27

Salama gare ku, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta rantse ba za ta sake kula ni ba in na bar Auta a gadon asibiti. To 'yar uwa, kwantar da hankalinki. An yi mata aikin wuya, an sallame ta, ta gama jinya a gida, yau kuma ta koma ofis. Masu yabon Yaya Babba kuwa, ku ɗan riƙe tafinku tukuna.

*

Da hannun hagu Auta ta kama ƙarfen bene tana hawa a hankali, wuyanta a miƙe kamar wadda ta haɗiyi sanda. Tun daga matakala ta fara jin warin ofishin, warin takarda da tawadar firinta, sai ta ji wani abu ya saki a ƙirjinta. Zaman gida ya ishe ta.

Wannan kamfanin zanen gine-gine mahaifinsu ne ya kafa shi. Da ya rasu, Yaya Babba ya hau kujerar shugabanci, ita kuma autar gidan ta gaji fensirinsa. Yaya ne baki, ita ce hannu. Kowa ya san haka.

"Lale marhabin da Injiniya!"

Mama Sakatariya ce ta taso daga teburinta, tsohuwar da ke ofishin tun zamanin Baba. Ta rungume ta a hankali kamar mai riƙe da ƙwai.

"Kin rame, 'yata, amma kin yi haske."

"Hasken zaman ɗaki ne, Mama."

"Ya 'yan biyu?"

"Suna nan, sun mayar da ni talabijin. Duk wanda ya dawo daga makaranta sai ya zo ya kalli ɗinkin wuyana kafin ya cire takalmi."

Mama ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta koma ta zauna tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Auta ta wuce teburinta na bakin taga. An share shi tas, har ya yi mata kama da teburin baƙo. Babu naɗaɗɗun takardun zane. Babu kofin fensirai. Babu Giwa.

Giwa dai ita ce babbar kwamfutarta, baƙa wuluk, mai faɗin fuska, wadda cajarta kaɗai ta kai bulo nauyi. 'Yan ofis ne suka raɗa mata sunan. In ta ɗauki babban aiki fankarta kan yi gurnani, har Mama takan ce a taimaka a ba ta ruwa. Amma duk wani gini da kamfanin nan ke alfahari da shi, a cikinta aka haife shi.

A gurbinta an ajiye wani farin kwali siriri, an ɗaure shi da jan ƙyalle.

"Mama, wannan fa?"

"Kyautar Yayanki ce. Ya ce barka da tashi."

Ta kwance ƙyallen. Wata 'yar kwamfuta ce ruwan azurfa, siririya kamar littafin 'yan firamare. Ta ɗaga ta da hannun hagu, ta ji kamar ba ta ɗauki komai ba.

Gaskiya ta ji daɗi. Ta tuna yadda igiyar jakar Giwa ke yanka mata kafaɗa in ta je wurin gini, yadda take hawa tsani da ita a baya tana nishi, leburori na ce mata ta kawo su riƙe tana ƙi. Ta tuna likita ya ce ta rabu da ɗaukar nauyi. Ashe Yaya na lura. Ashe duk faɗan da suke yi, ɗan uwa dai ɗan uwa ne.

"Allah sarki Yaya," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Ta zauna ta kunna. Ba ƙara, ba gurnani, nan da nan fuskar ta kawo haske. Ta fara neman manhajar zane.

Babu.

Ta duba wani wurin. Babu. Ta nemi fayil ɗin kasuwa, babban aikin da ta daɗe tana kansa kafin ciwo ya kayar da ita, kasuwa mai hawa biyu da masu ita suka ce a zana musu daga tushe. Babu shi, babu alamarsa. Abin da ke cikin 'yar kwamfutar bai wuce imel da kalanda da wurin rubuta wasiƙa ba.

Ta duba ƙarfin injin. Ko an saka manhajar zanen, wannan ba za ta iya ɗaukarta ba. Daidai yake da a ɗora wa ɗan akuya buhun siminti.

"Mama."

"Na'am."

"Ina Giwa?"

"Ai... ina jin gyara aka kai ta."

"Me ya same ta?"

"Ni ina na san ciwon kwamfuta, 'yata? Nawa ma da ƙyar nake sani."

"Mama, dube ni."

Mama ba ta ɗago ba.

A daidai lokacin ne Auta ta ji shi. Daga can ƙarshen baranda, ta bayan ƙofar ɗakin taro, wani gurnani na tasowa a hankali. Ko cikin barci aka tashe ta ta san wannan ƙarar.

Ta miƙe.

"Injiniya, don Allah ki bari Yayanki ya fito tukuna."

"Gyara kika ce, ko? Bari in je in gaida mai gyaran."

*

Ba ta ƙwanƙwasa ba, tura ƙofar kawai ta yi.

Dogo ne tsaye gaban farin bango, ya ci kwat da taye a wuya, yana magana da kujerun da ba kowa a kansu. Ƙanin matar Yaya Babba ne. Ranar da aka kawo shi ofishin nan ko layi madaidaici bai iya ja ba, ita ta zaunar da shi kusa da ita ta koya masa, albarkacin auren yayarsa.

A jikin bangon an haska kasuwarta. A kan tebur kuma ga Giwa tana gurnani.

"Kamar yadda kuke gani, ranku ya daɗe," yake cewa kujerun, "da na zauna na yi tunanin wannan ɓangaren, sai na ga..."

"Sai ka ga me?"

Ya juyo a firgice, har sandar nunin da ke hannunsa ta faɗi.

"Anti! Kin... ashe yau ne? Sannu da dawowa. Ya jiki?"

"Ci gaba mana. Da ka zauna ka yi tunani, sai ka ga me?"

"Gwaji nake yi, Anti. Masu kasuwar za su zo an jima."

"Yau?"

"Yau."

Ba wanda ya gaya mata.

Ta taka zuwa teburin, ta shafa bayan Giwa. Wurin da 'yan biyu suka manna mata wasu taurari guda biyu an kankare, sai ɗanƙon gam da ya rage. Ta leƙa fuskar. Hoton yaranta da ke bango ya tafi, an sa wata jar mota.

"Ina kayana da ke ciki?"

"An zuba miki a filashi, Anti. Yana wurin Mama."

"Hotunan yarana?"

"Suna ciki, ina jin."

"Kana ji. Muryar Baba fa? Akwai maganar da na naɗa yana yi mini bayanin harsashin gini, ana gab da zai kwanta ciwo. Tana cikin wani fayil mara suna."

Dogo ya kau da ido.

"Wanda ya yi aikin ya ce duk abin da ba shi da suna shara ne."

Auta ta rufe ido. Ta ji ɗinkin wuyanta na zafi kamar yanzu aka yi shi. Ba ta yi kuka ba. Da ta buɗe idon, bangon ta kalla, don ta samu inda za ta ajiye zuciyarta.

Nan ma ba ta tsira ba.

"Ina gangaren?"

"Wane?"

"Kar ka raina mini hankali. Gangaren da na yi ta gefen gabas, inda masu baro za su tura kaya zuwa sama. Ina yake?"

"Na cire. Yana cin wuri, Anti. Shaguna na jera a gurbin."

"Mai baro fa? Tashi zai yi sama da buhu? Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? Mai keken guragu fa?"

"Akwai bene ai."

"Akwai bene." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Na je kasuwanni na zauna cikin rana ina kallon yadda mutane ke shiga da fita. Kai ka zauna a sanyi ka goge da yatsa ɗaya. Ka san ma ginshiƙan wannan gefen da gangaren aka lissafa su?"

"Yaya ya gani, ya ce ya yi."

"Yaya ya gani!"

"Me ake yi wa Yaya?"

Ƙofar da ta haɗa ɗakin taron da ofishin shugaba ce ta buɗe. Yaya Babba ya fito ya ja ta a bayansa. Babban mutum ne mai tumbi da tattausar murya, irin muryar da ke sa mai gini ya sa hannu kafin ya karanta.

"Auta. Kin iso ashe. Kin ga kyautarki?"

"Na gani."

"Ta yi miki?"

"Ta yi kyau. Ko a jakar kwalliya za ta shiga."

Ya dubi fuskarta, ya dubi Dogo.

"Ba mu wuri."

Dogo bai jira a maimaita ba. Har ya miƙa hannu zai ɗauki Giwa, Auta ta dafa murfin.

"Bar ta nan."

Ya fita yana sunkuyar da kai.

*

"Zauna," in ji Yaya.

"Na gaji da zama. Tun da aka sallame ni nake zaune."

"To tsaya. Dama ina so mu yi magana, sai dai ba haka na so ki gani ba."

"Yaya ka so in gani? A jarida?"

"Auta, ki bar wannan zafin kan. Mun zauna mun duba..."

"Ku wa?"

"Mun duba mun ga aikin ya yi miki yawa. Hawa gini, tsayuwa a rana, sunkuyo kan zane. Shi ya kai ki ga wuƙar likita. Saboda haka daga yau ke ce mai kula da hulɗa da masu ba mu aiki. Ki je taro, ki amsa saƙo, ki yi magana da yawun kamfani. Shi ya sa na saya miki mara nauyi. Ɗaga ki aka yi."

"Ɗagawa irin ta tuta? A rataye ni a sama iska na kaɗa ni?"

"Ke dai ba a iya miki."

"Yaya, ni mai zane ce. Ban iya murmushin dole ba, kai ma ka sani. Kai ne ka iya."

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara da shekaru. Lokacin da ka kawo ƙanin matarka ka ce in koya masa, na ce wani abu? Lokacin da ake kiranka a ba ka lambar yabo kan ginin da ko tagarsa ba ka zana ba, na ce wani abu? Tafi na yi maka. Ina kwance ana yanka ni, kai kuma kana nan kana rabon gadona da raina."

"Subhanallahi! Rabon gado?"

"To mene ne sunansa? Ka kwashe takarduna. Ka ɗauke kwamfutata. Ka bari an goge muryar Baba."

Ya ɗan yi turus.

"Wace murya?"

"Ka gani? Ba ka ma san abin da ka bayar ba."

Ya shafa fuska da tafin hannu. Ta ga abin ya taɓa shi, amma bai daɗe ba ya gyara tsayuwa.

"Wannan kuskure ne, za a nemi mai gyara ya duba ko za ta dawo. Amma maganar aiki na riga na yanke."

"Aunty matarka ce ta yanke, kai isar da saƙo ka yi. Ta gaji da ganin ƙaninta a ƙaramar kujera."

"Kar ki sa matata a wannan maganar."

"Ita ta sa kanta. Kura ta daɗe tana zagaya garken, jira take makiyayi ya kwanta."

"Auta!"

"Na'am, Yaya! Ka ce ƙarya nake. Ka dubi idona ka ce Dogo ya fi ni iya zane."

"Bai fi ki ba. Ko rabinki bai kai ba."

"To me ya sa?"

Ya kalli ƙofar ofishinsa, ya kalli ƙasa.

"Ke ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko me kika faɗa mini zan shanye. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka..."

Sai ya tsaya cak, kamar wanda ya taka ƙaya. Bai ƙarasa ba.

Auta ba ta kula ba, zuciya ta riga ta ɗebe ta. Ta fizge wayoyin da ke jikin Giwa, hoton kasuwar ya ɓace daga farin bangon.

"Me kike yi?"

"Ɗaukar kayata zan yi. Masu kasuwa in sun zo, ni zan yi musu bayani, da gangarena a ciki. In ba haka ba, ka tsaya kai da surukinka ku zana musu da gawayi."

"Ajiye ta."

"Ba zan ajiye ba."

"Na ce ki ajiye!"

"Wallahi ba zan ajiye ba. Ga 'yar tsanarka can a teburina, ka kai wa 'yarka ta yi wasa."

Fuskarsa ta canza. Ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba, ko ranar da aka fita da Baba.

"To shi ke nan," ya ce. "Tunda haka kika zaɓa. Ɗauke ta. Amma da hannun dama."

"Me?"

"Da dama kike zane, ko ba haka ba? Cire hagun. Ɗauke ta da dama ki kai ta bakin ƙofa, na rantse miki in kin kai, yau ɗin nan zan kori Dogo."

Ta dube shi sheƙeƙe. Wannan wace irin magana ce? Giwar da ta hau da ita saman gini ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba?

Ta rufe murfin. Ta zura yatsun dama ƙarƙashinta, ta ɗaga.

Ta ɗagu.

Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu. Sai ta ji abin nan da take ji tun bayan aikin, kamar tururuwa na bin cikin yatsunta. Ta matse. Ta ba yatsun umarni su matse. Babban yatsa ya ji, manuni ya ji, sauran ukun suka yi kamar ba da su ake ba. Tana kallo suka buɗe da kansu, ɗaya bayan ɗaya.

Giwa ta sulale.

Yaya ne ya tare ta kafin ta kai ƙasa. Dama ya matso, ya riga ya miƙa hannu. Ya san za ta faɗi.



Auta ta tsaya tana kallon hannunta kamar na aro.

"Gajiya ce," ta ce. "Ban saba ba ne. Likita ya ce wannan dindiris ɗin zai tafi a hankali. Da bakinsa ya gaya mini."

"Haka ya gaya miki."

"Me kake nufi?"

Ya ajiye kwamfutar a tebur, ya jawo kujera ya zauna daɓas. Bai dube ta ba.

"Ba zai tafi ba, Auta."

"Ƙarya ne."

"Da suka buɗe, sun tarar jijiyar ta riga ta lalace. An makara. Abin da suka yi tsayar da ciwon wuyan ne kawai. Hannun kuwa... ba dawowa zai yi ba. Raguwa zai yi ta yi."

"Ƙarya kake, Yaya. Don ka ba Dogo kujerata ka ƙirƙiro wannan."

"Da ma ƙarya ce."

Ta dafa tebur da hagu. Abubuwa suka fara dawo mata. Yadda aka canja mata kofin shayi a gida zuwa na roba. Yadda Yaya Ƙarama, yayarta, ta dage ita za ta riƙa yi wa 'yan biyu kitso. Yadda kowa ke rige-rigen buɗe mata murfin kwalba. Ita tana ta godiya, tana cewa Allah ya ba ta dangi. Ashe kowa ya sani. Ashe kallonta suke, ita kaɗai ce ke rawa ba ta san an daina kiɗa ba.

"Mama Sakatariya ta sani?"

"Ta sani."

"Dogo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Har Dogo." Ta gyaɗa kai a hankali, iyakar yadda wuyan ya bari. "Ƙanin matarka ya san abin da ke jikina, ni mai jikin ban sani ba."

"Tausayinki muka ji."

"Tausayi! Tausayin ne ya cire mini gangare? Tausayin ne ya sa ya tsaya yana cewa shi ya zauna ya yi tunani? Ko da hannuna ya mutu, Yaya, kaina ma ya mutu ne? Idona ya mutu? Ba za ka iya cewa, Auta zauna nan, ki faɗa Dogo ya zana ba? Sai ka naɗe mini sallama a kwali ka ɗaura jan ƙyalle?"

Ya kau da kai. Wannan kaɗai ya gaya mata abin da take son sani. Gaskiya ne ya ji tausayinta. Gaskiya ne kuma abin ya zo masa daidai, faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Wa ya gaya maka?"

"Auta, bar shi haka."

"Ba ka asibitin ranar da aka fito da ni, kana wurin taro. Likita bai san ka ba. Wa ya gaya maka?"

"Ki je gida ki huta, in kin..."

"Mutum ɗaya ne ya shiga ofishin likita ranar."

Ita da kanta ta ba kanta amsar. Mutum ɗaya. Wanda ya fito yana murmushi ya riƙe wannan hannun, ya ce mata, albishirinki, an yi nasara. Wanda kullum da safe yake murza mata yatsu da man zafi yana cewa ya ga sun fara ƙarfi.

Abban 'yan biyu. Mijinta.

Ta laluba jakarta da hagu ta ciro waya.

"Kar ki kira shi," in ji Yaya, ya miƙe tsaye da sauri. "Don Allah, Auta, ba yanzu ba. Ba a nan ba."

"Me ya sa? Shi ma tausayina zai ji?"

Ta danna lambarsa, ta sa wayar a kunne. Da safen nan ya sauke ta a ƙofar ofis, ya ce ya makara, zai wuce wurin aiki. Bari ya ɗauka. Bari ta ji da wace murya zai yi mata ƙaryar yau.

Kiran ya fara shiga.

Sai ta ji ƙarar a wuri biyu. Ɗaya a kunnenta. Ɗaya kuma a bayan ƙofar ofishin Yaya Babba.

Ta sauke wayar a hankali.

Ƙarar ta ci gaba, ta ci gaba, sannan aka katse ta. Aka murɗa hannun ƙofar.

Ya fito. Rigar da ta zaɓa masa da safe ce a jikinsa. Idanunsa sun kumbura, ya kasa haɗa su da nata.

"Tun yaushe kake ciki?" ta tambaya. Ita kanta ba ta gane muryarta ba.

"Tun kafin ki gama hawa bene. Ta baya na shigo."

"Ka ji komai."

"Na ji."

"Kana ji ana gwada ni kamar dabbar kasuwa, ka zauna."

"Maman 'yan biyu..."

"Kar ka kira ni. Kai ka zaɓo mini 'yar kwamfutar?"

Ya gyaɗa kai.

"Kai ka ɗaura ƙyallen?"

Ya sake gyaɗawa. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"To madalla. Na gode. Yaya ya riga ya sauke maka nauyi, ya faɗa mini komai. Hannuna ya tafi. Sai me? Saura me kuma?"

Abban 'yan biyu ya dubi Yaya Babba. Sannan ya jawo kujera, ya tura ta gabanta.

"Zauna, don girman Allah."

"Ba zan zauna ba."

"Ki zauna," ya ce. "Yaya bai faɗa miki duka ba. Shi ma rabi na gaya masa."